Ramin da Malam Ya Yi wa Hanci

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakinku, ku 'ya'yana, wai naggen Inna ce ta cinye albasar Baba. Ɗan'uwanku Aminu ne ya fara ta tun yana saurayi, kuna dariya ina taya ku. Amma a Sallar da ta wuce na ji ta a bakin jikata, yarinyar da ko ganin kakanta ba ta yi ba, kuma ba da dariya ta faɗe ta ba, ta faɗe ta ne kamar karatun da aka biya mata. A nan raina ya sosu. Idan na yi shiru har na bi mahaifinku, abin da zai rage a gidan nan shi ne ni mace ce mai kafiya, wadda ta sa mijinta ya rabu da gadon ubansa saboda saniya guda. Kafiya kam ina da ita, ban taɓa musu ba, kuma a wurina kuka sha ta. Sai dai ba haka abin ya faru ba, shi ya sa na ware wannan babin don shekarar kaɗai.

Da aka kawo ni Danchadi daga Mandera, mahaifiyata ba ta da gadon ƙarfe ko jeren kwanoni da za ta yi mini. Karsana ta ba ni, daga cikin shanun da ita ma ta samu a hannun tata uwar. Ban taɓa ɗaure ta a gida ba. A wancan lokacin ba a yin haka, Fulani ake ba wa riƙo. Tamu tana hannun gidan su Manu, waɗanda ubansu ya riƙe wa mahaifiyata nata shanun. Su sha nono, su tafi da ita inda ciyawa take, da kaka su dawo su sauka a gonar Malam mahaifinku, shanu su ci kara su bar mana taki. Matar Manu ta shigo da ƙwaryar nono a kai, mu zauna a inuwar darbejiya tana ba ni labarin wadda ta haihu da wadda ta yi gardama. Ina jin daɗin waɗannan ranakun har yau idan na tuna. Karsanar ta hayayyafa, kuma a cikin 'ya'yanta aka yi hidimar gidan nan, aure da suna da jinya, har ya zamana saura guda, wata fara mai gajerun ƙaho da katon tozo, muna ce mata Gudale.

Shekarar da nake ba ku labari, mahaifiyata ta rasu da damina. Da kaka ta yi sai ga Manu a ƙofar gida, riƙe da igiyar Gudale, ba garke a bayansa. Na leƙo zaure muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Kulu, ga amanarki," in ji shi. "Daji ya ɓaci. Kudu mu ka tahiya da iyali duka, kuma ban san ko muna komowa ba. Ciki gare ta, ki lura da ita."

Ya miƙa wa Malam igiyar, ya shafa bayan saniyar, ya juya. Ban sake ganinsa ba.

To, ga saniya mai ciki a tsakar gidan mutanen da iyakar kiwonsu awaki. Karan da muka tara da 'yar harawar wake ba za su kai ta ko tsakiyar rani ba, balle bazara, lokacin da damin harawa yake zama abin da sai mai hali. Malam ya zagaya ta ya duba, ya faɗi abin da kowane mai hankali zai faɗa.

"Kulu, a sai da ita tun tana da jiki. In bazara ta zaka, ƙashi da hwata za ki kai kasuwa."

"Ba ni saida ta," na ce. "Ita ɗai ta rage man daga hannun Inna."

"To mi za ta ci?"

Sai na shige ɗaki. Gwaggonku Ige, yayar Malam, wadda ta dawo gidan nan da zama bayan rasuwar mijinta, tana bakin murhu tana jin mu. Kun san bakinta. Ta ɗaga murya yadda zan ji daga ciki ta ce ai sai in riƙa dafa mata tuwo, tunda nagge ta zama ɗiya.

Kun taso kun ganni ina awara. Duk wanda ya san sana'ar ya san dusarta, wannan jiƙaƙƙen abin da ke saura a ƙyalle bayan an tace waken suya. Dabba na son ta, amma ba ta kwana. Yau fara ce tas, gobe ta yi yauƙi, jibi sai a toshe hanci. Idan ka shanya ta kaji su watsar, ƙasanta ya yi funfuna. Mu masu awara a unguwar muna da yawa, awakinmu su ci abin da za su ci, sauran a zubar bayan gida. Haka ganyen dankali, wanda mu nan muke ce wa kudaku. Lokacin haƙa sai ka ga tulinsa a fadama, ɗanye shar, ya fi ƙarfin dabbobin gari a 'yan kwanakin nan, idan an ce a busar da shi ganyen ya kakkaɓe ya bar igiya, idan an tara shi ya yi baƙi. Abinci ne mai yawa a lokacin da ba a bukatarsa, idan bukata ta zo kuma babu shi.

Akwai wata malamar gona da aka turo daga Sakkwato, Malama Rabi, tana zaune a Bodinga tana zagaya ƙauyuka wurin mata. Yarinya ce a kaina, amma tana da natsuwa, kuma tana son awarata da yaji mai yawa. Ranar da ta shigo ta tarar da Gudale a turke, ta tambaye ni, na ba ta labari. Ta dubi bokitin dusar da na ajiye zan zubar, ta ce in zauna.

"Yaya Kulu, abincinta na ga ki ka zubarwa," ta ce. "Ki samu ganyen kudaku a daddatsa shi, a bari shi sha rana kaɗan shi yi laushi, amma kada shi bushe. Ki gauraya da dussar awara, ki sa 'yar busassar dussar hatsi ta tsotse ruwan. A gina rami a shimhiɗa leda mai kauri. A zuba a tattake, a zuba a tattake, har babu inda iska ka laɓewa. Sannan a naɗe ledar a bi da ƙasa. In kin yi haƙuri wata guda ko hiye, tsami za shi yi irin na nono, ba ruɓa ba, kuma shina kai ki har damana. Abu guda ɗai za ki kiyaye: iska. In ya shiga, an gama."

Ta faɗi sunan abin da Turanci, harshena ya kasa ɗauka, sai muka sa masa harawar rami. Gwaggonku Ige ta ajiye muciya ta juyo.

"Mi? Ɗanyen abu cikin rami? Mu da munka tashi, abin da aka son shi daɗe shanya shi a ka yi. Kuɓewa shanya, tumatur shanya, nama shanya. Abu guda na sani da aka binnewa, kuma shi ba a tono nai."

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ban yi ba, domin a zuciyata na san Gwaggo ta faɗi abin da duk garin zai faɗa, har da mahaifinku.

Dole in tsaya a nan in gaya muku wane ne mahaifinku a harkar albasa, domin ƙanananku ba su riski lokacin ba. Yana da wani iri da ya gada daga ubansa, ja mai ƙaramin wuya, ƙulli kamar dutse. Kowace shekara shi yake zaɓen uwayen da hannunsa ya dasa su yi fure, ya tara irin a wata gora da ke rataye a ƙusa a ɗakinsa, bakinta toshe da totuwar masara. Ba ya sayarwa, ba ya ba da aro. Idan an kwashe albasa kowa na rige-rigen kai wa kasuwa a araha, shi sai ya zuba tasa a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa daga ƙasa a yi masa hular ciyawa, iska na ratsa shi ta ko'ina. Albasar wasu ta ruɓe tun farkon damina, tasa tana nan har sai ta yi daraja. Kullum da safe sai ya zagaya rudun, ya cusa hannu ya ji ɗuminsa, ya shinshina. Idan ya ji wani gefe ya yi zafi ya buɗa kara ya ƙara masa hanya. Duk iliminsa, duk sunan da ya yi daga nan har kasuwar Bodinga, a kan abu ɗaya ya tsaya: abin da ke da ruwa a jiki, idan ka hana shi iska, ka kashe shi.

Wannan mutumin na je na ce wa ya haƙa mini rami in binne ɗanyen ganye. Na san bai yarda ba ko kaɗan. Amma ya ga yadda nake tashi da asuba in tsaya wurin Gudale ina yi mata magana kamar mutum, kuma shi mutum ne da ba ya iya ganin hawayena.

"To, mu gani," ya ce.

Rami biyu aka yi. Ƙarami a bayan ɗakina, babba a fadama kusa da rudunsa, domin a can ganyen yake, ɗauko shi gida wahala ce. Na gida mu mata muka cika shi, kuma ban taɓa yin aikin da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Masu awara suka zo da bokitansu, aka baje tabarmi ana datsa ganye da wuƙaƙe, hannuwanmu duk sun yi baƙi da ƙaro. Da aka zo tattaki muka wanke ƙafafu, muka ɗaure zannuwa, muka shiga ramin bibbiyu muna riƙe da kafaɗun juna. Wata ta ɗauko waƙar daka, sauran suka amsa, abin ya koma kamar gidan biki. Gwaggonku Ige tana gefe tana cewa mun haukace, can sai ta ce tattakin namu na ragwaye ne, ta tuɓe takalmi ta shiga don ta nuna mana. Ita ta fi kowa daɗewa a ciki. Muka naɗe leda, muka bi da ƙasa, na kwaɓa laka na shafe duk inda na ga tsaga.

Na fadama kuwa ban je ba, ba a saba mace irina ta bi maza fadama ba. Na tara dusar unguwa aka loda a amalanke, Malam da 'yan ƙodagonsa suka yi sauran. Kafin ya fita na bi shi har zaure.

"Malam, don Allah a tattake ƙwarai. Kuma Malama ta ce kada iska shi shiga ko kaɗan."

"Na jiya," ya ce.

Daga nan sai jira. Gudale na cin kara da 'yar harawarmu da sabuwar dusar kowace rana, ni kuma ina zagaya tudun ƙasar nan ina kasa kunne kamar zan ji wani abu. Maƙwabta suna tsokanata, wai yaushe za a yi sadakar bakwai. Ana cikin haka Gudale ta haihu, mace, fara kamar uwarta. Karan ya ƙare a makon da ta fi bukatar abinci, sai na ce bismillah, na sa fartanya a gefe ɗaya na ramin. Na ɗaga ledar. Wani ƙamshi ya bugo ni, tsami-tsami kamar kunun tsamiya, ganyen ya koma ruwan ɗorawa, da sanyinsa, ba yauƙi ba funfuna. Na ɗebo a kwando na mayar da ledar na danne. Gudale ta shinshina ta kau da kai, ta sake shinshinawa, ta ɗan lasa. Sai ta sa baki. Ina tsaye ina jin ƙarar taunarta, hawaye na zuba, ban ma san Malam na bayana ba.

"Ikon Allah," ya ce. Ya ɗebi kaɗan ya murza ya kai hanci. Na ga kamar wani abu ya gilma a fuskarsa, amma murna ta hana ni tsayawa a kai.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a gidan nan. Nono ya wadata, har ina aika wa maƙwabta. Gwaggonku ta daina zancen binnewa, ta koma cewa furar gidanmu ta fi ta kowa. 'Yar maraƙar tana tsalle a tsakar gida tana ture kwanoni. Mata suna shigowa su ga saniyar da ke sheƙi alhali na wasu haƙarƙari ya fara fitowa. Ni kuwa hankalina kwance, ina cewa ƙaramin rami ma ya yi wannan, ina ga babba.

Bazara ta kama sosai lokacin da na kai ƙarshen ramin gida. Zafi ya yi zafi, ko tsinke babu a daji, hadari kuma ko alamarsa. Na roƙi Malam ya bar ni in bi shi fadama ranar da za a buɗe babban, ya yarda. Muka tafi da sassafe. Tun daga nesa na hango tudun, na kuma hango wasu abubuwa tsaye a kansa. Da muka matso sai na ga guntayen tsohon tiyon injin ban ruwa ne, an soka su cikin tudun a jere, kowanne an yi masa 'yar hular ciyawa, an ɗaure da kyau, irin ɗaurin da Malam kaɗai ke yi wa rudunsa.

"Malam, mine ne wanga?"

"Hanci na yi mai," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ga abin da yawa, ga ruwa jikinai. Na ce in an toshe shi duka zahi na kashe shi. Ko albasa ba ta yarda da haka."

Ashe tun ranar da na buɗe na gida ya ga babu hanci kuma ya yi kyau, jikinsa ya ba shi. Ya zo ya toshe bakin tiyon da tsumma, amma aikin gama ya gama, ya kasa gaya mini, yana ta fatan ko Allah zai sa wani abu ya tsira. Ya sa fartanya ya janye ƙasar. Warin da ya taso sai da na ja da baya na toshe hanci da mayafi. Baƙi ƙirin, ya narke ya zama taɓo, inda bai narke ba funfuna ta yi masa fari fat. Muka tona wannan gefe, muka tona wancan. Abin da ya rage mai kyau a can ƙasa bai fi cikin kwando biyu ba, shi ma ban yarda in ba ta ba.

Kun san bakina, ba na barin ta kwana. Maganganu sun cika mini baki a wurin nan, kuma da na buɗe shi da na faɗi abin da har yau zan riƙa nadama. Abin da ya hana ni shi ne na ga mahaifinku ya tsuguna a bakin ramin, ya cusa hannu cikin ruɓaɓɓen abin nan yadda yake cusawa a rudu, ya daɗe bai fitar ba. Mutumin da manoma ke zuwa tambaya, ga shi tsugune kamar yaron da ya fasa tulu. Bai yi don ya ɓata mini ba. Abin da ya fi iyawa a duniya ya ɗauko ya yi mini hidima da shi.

"Kulu, na kashe maki shi," ya ce.

"Allah ya ƙaddara," na ce. Iyakar abin da na iya ke nan.

A hanyar dawowa na yi lissafin da ba na so. Dusar awarar kullum ba ta riƙe saniya mai shayarwa. Harawa ta yi tsadar da ba ma iyawa. Ruwa kuma sai yadda Allah ya yi. Kafin mu shiga gari na ce masa ranar kasuwar Bodinga ya turo dillali ya tafi da Gudale da 'yarta, tun kafin su lalace. Ya ce to.

Ranar kasuwa ya fita tun ban gama sallah ba. Na wanke Gudale, na goge ta, na ba ta ragowar abin da ke ramin gida har na kakkaɓe ledar. Na zauna kusa da ita ina ba ta haƙuri, ina ba mahaifiyata haƙuri. Duk sallamar da aka yi a zaure sai in ce dillalin ne. Azahar ta wuce ba dillali. Bayan la'asar na ji ƙarar amalanke, na ji muryar Malam yana cewa a shigo da su ta nan. Dammunan harawa ne ake ta shigowa da su, da buhunan kowar wake, wato ɓawonsa, har suka cika rumfar. Na tsaya baki buɗe. Na san abin da ke aljihunsa, bai kai ko kusa ba. Sai na lura da gorar nan a hannunsa, totuwar bakinta babu. Ya wuce ɗaki ya rataye ta a ƙusarta, na ji ta bugi bango da ƙarar abin da ba komai a ciki.

Ya kwashe rudun kaf, a lokacin da albasa ta fi kowane lokaci araha, har da uwayen da ya ware. Da kuɗin bai kai ba, ya juye irin gorar ya sayar wa wani baƙo da ya zo daga nesa, wanda ko sunan garinsu bai tambaya ba.

"Malam, irin Baba?" na ce. "Wa ya ce ka yi haka? Ni na ce a sai da nagge."

"Iri akwai shi kasuwa. Naggen Inna babu ta kasuwa."

"Wanga iri ma babu shi kasuwa, kai ka sani."

"Na sani," ya ce. "Amma hannuna ya huda ramin ga."

Ya ɗauki buta ya fita masallaci. Gwaggonku Ige ta shiga ɗakin ta girgiza gorar, ta fito tana kuka, domin ubanta ne ita ma. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba, kuma a bakinta Aminu ya fara jin cewa nagge ta ci albasa. Ban ga laifinta ba. Malama Rabi da ta zo ta ga guntayen tiyon ba ta yi dariya ba, ta juya 'yar hular ciyawar a hannunta ta ce da ta sani da Malam ta zauna da kanta, domin manomin albasa ba zai yarda da wannan magana daga saƙo ba.

Harawar ta kai mu har ruwa ya sauka, Gudale da 'yarta suka rayu. Malam kuma ya sayi irin albasa na gwangwani a kasuwa kamar kowa. Albasar tana girma, tana da kyan gani, amma ba ta zama. Damina na tsakiya sai in gan shi a bakin rudu yana tsince ruɓaɓɓu yana jefarwa. Masu zuwa tambayarsa sirrin ajiya suka ragu har suka daina. Ya nemi irin ubansa wurin waɗanda yake zaton sun taɓa samu, bai dace ba. Ko sau ɗaya bai taɓa yi mini gori ba, ni ce ma idan na ga gorar sai in kau da kai. Na ce a sauke ta, ya ce a bar ta.

Abin da zai ba ku dariya, shi ne ya zama sarkin harawar rami. Kowace shekara shi ke tsayawa a kan tattaki, ba mai fita sai ya taka da kansa ya ji ba ta lotsawa. Shi ke bin tudun da laka kullum safiya, yadda yake bin rudu a da. Mutane suka riƙa zuwa daga Dandin Mahe da Mandera su ga yadda ake yi, ya zaunar da su a zaure, ya ɗauko guntun tiyon nan da ya ajiye ya ɗaga musu.

"Kun ga wanga? In kuna son ku yi asara, ku yi mai hanci. Ni na gwada maku, ba sai kun gwada ba."

Su yi dariya, shi ma ya yi. Shanun da kuke gani a bayan gida yau duk jikokin Gudale ne, kuma harawar rami ce ta riƙe su shekara da shekaru.

A ciwonsa na ƙarshe abinci ya ƙi shi. Tuwo, shinkafa, romo, duk sai ya kau da kai. Fura kaɗai yake karɓa, ita ma sai da nonon gida, na farar saniyar nan da aka haifa a shekarar ramin. Wata safiya na dama na kawo masa, na tallafe shi ina ba shi da ludayi. Ya sha, ya huta, ya ɗaga ido ya dubi gorar a ƙusarta. Na ce masa har yanzu abin na damuna, da bai sayar ba. Ya yi ɗan murmushi, ya nuna ƙwaryar da haɓarsa.

"Ke Kulu, wa ya ce maki ta ɓace? Albasata ce ni ka sha. Ƙaro man."

Na ƙara masa, ya shanye tas.